Rockers: tsohon fim ɗin makaɗan Jamaika da aka sace wa babur, ya cancanci kallo?

Masu bibiyar tsofaffin waƙoƙin rege a YouTube sukan ci karo da guntayen wani fim mai dishi-dishin hoto, inda wani siririn mutum mai gashin Rasta ke ratsa lungunan Kingston, babban birnin Jamaika, a kan babur da faya-fayan garmaho a bayansa. Sunan fim ɗin Rockers, kuma ya fito a 1978. Ba shi da jarumin da duniya ta sani a harkar fim, ba a kashe masa kuɗin kirki ba, kuma ko a lokacin da ya fito bai cika gidajen sinima na duniya ba. Ga tambayoyin da mai shirin ba shi minti ɗari na rayuwarsa zai so ya ji amsarsu.

Wane ne ya yi shi, kuma me ya sa ba a cika jin labarinsa ba?

Wani mutumin Girka ne mai suna Theodoros Bafaloukos ya rubuta shi, ya kuma ba da umarni. Asalinsa mai ɗaukar hoto ne da ke zaune a New York. Ya fara zuwa Jamaika a 1975, lokacin da zaman ɗarɗar na siyasa ya kai ga an taɓa tsare shi bisa zargin cewa ɗan leƙen asirin Amurka ne. Daga baya ya saba da makaɗan Kingston, ya riƙa kwana yana tashi a cikinsu. Niyyarsa ta farko ita ce ya ɗauki rayuwarsu kamar yadda take, ba tare da ƙagaggen labari ba. A hanya ne ya ga gara ya ɗaura musu ɗan labari wanda zai riƙe mai kallo.

Dalilin rashin shahararsa a fili yake. Babu Bob Marley a ciki, kuma a wancan zamani duk abin da ya fito daga Jamaika ba tare da sunan Marley ba, sai ya yi da gaske kafin ya tsallaka teku. Ga shi kuma shekara shida kafinsa an yi The Harder They Come na Jimmy Cliff, wanda ya riga ya zama fim ɗin Jamaika a idon mutanen waje. Rockers bai shiga sinimomin Amurka ba sai 1980. Tun daga nan yake yawo hannu da hannu tsakanin masoya rege, daga kaset ɗin bidiyo zuwa faifan DVD zuwa intanet.

Mene ne labarin?

Gajere ne ƙwarai. Leroy Wallace, wanda kowa ke kira Horsemouth, makaɗin ganga ne da ake ji da shi a sutudiyoyin Kingston, amma aljihunsa fayau. Yana da mata da 'ya'ya a wani ɗan ɗaki a unguwar talakawa. Sai ya yanke shawarar shiga harkar rarraba faya-fayai: ya karɓo daga masu bugawa, ya kai wa masu shaguna da masu kiɗan dandali, ya ci ɗan abin da ya hau kai. Ya bi abokai yana karɓar rance da tsofaffin basussuka har kuɗin babur suka haɗu, ya saya, ya sa aka zana zakin Yahuza, alamar 'yan Rasta, a jikin babur ɗin.

Kasuwa ta fara buɗewa, sai aka sace babur ɗin a wani daren rawa. Da ya bi sawu, ya gano ba ƙananan ɓarayin unguwa ba ne. Wasu masu hannu da shuni ne ke da gungun da ke kwashe kayan mutane yana tarawa a sito, kuma cikinsu har da mai otal ɗin da yake yi wa kiɗa. Ya ɗauko babur ɗinsa, yaransu suka lakaɗa masa duka, ya je ƙauye aka yi masa magani da ganyaye. Da ya warke sai ya tara 'yan'uwansa makaɗa suka yashe siton da gidajen masu shi a dare ɗaya, suka zube kayan a titunan unguwa. Gari na wayewa talakawa suka fito, wannan ya sungumi firji, wancan talabijin.

Na faɗi ƙarshen ba tare da jin na ɓata wa kowa kallo ba, domin tun daga tsakiyar fim yaro ma ya san inda aka dosa. Ƙashin bayan labarin aro ne daga wani fim ɗin Italiya na 1948 a kan talakan da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi, aka gauraya da tatsuniyar Ingila ta ɓarawon da ke ƙwace wa masu kuɗi ya ba talakawa.

To in labarin bai taka kara ya karya ba, me za a kalla?

Mutanen. Nan ne duk darajar fim ɗin take. Kusan kowa a cikinsa sunansa na gaskiya yake amsawa, sana'arsa ta gaskiya yake yi, a wurin da ya saba yin ta. Horsemouth makaɗin ganga ne tun yana yaro a makarantar Alpha ta Kingston, wadda mata masu hidimar cocin Katolika ke gudanarwa, kuma wadda ta yaye da yawa daga cikin manyan mabusan Jamaika. Matar da ta fito a matsayin matarsa, ita ce uwar 'ya'yansa a zahiri, yaran nasa ne. Abokinsa Dirty Harry, wato Richard Hall, mabushin sakisofon ne. Robbie Shakespeare, mai jitar bes wanda shi da makaɗin ganga Sly Dunbar suka zama abokan kiɗan da duniya ta sani kamar tagwaye, yana nan. Waɗannan ukun duka suna cikin waɗanda suka yi wa mawaƙi Burning Spear kiɗa a kundinsa Marcus Garvey na 1975, kuma Jack Ruby da ya shirya kundin shi ma ya fito da kansa. Wato mutanen da sunayensu ke ɓuya a ƙananan haruffa a bayan kwalin faifai, su aka jawo gaban kyamara.

Saboda haka abin da ake gani aiki ne na gaske. A farko-farkon fim akwai inda Kiddus I ke rera waƙa a sutudiyo, makaɗa zagaye da shi, kowa da na'urar ji a kunne. Babu ado, babu fitilu masu launi. Ɗaki ne mai zafi, mutane sun duƙufa, mai ganga na kallon mai bes don kada ƙafa ta goce. Ana nuna inda ake matse baƙin roba ya zama faifai, ana nuna shagunan da ake saida su, inda mai shago zai ɗora sabon faifai a kan garmaho, masu saye su tsaya a bakin kanta suna gyaɗa kai kafin su zaro kuɗi.

Akwai wurare uku da ko su kaɗai sun biya kuɗin data. Na farko, bayan an sace babur, Horsemouth ya je wurin Burning Spear a garin St Ann's Bay da dare, ransa a ɓace. Suka zauna a bakin ruwa, Spear ya ɗaga murya ya rera waƙa ba ganga ba jita, ba abin da ke raka shi sai ƙarar ruwa. Kyamara ba ta motsa sosai ba, kuma ba ta buƙaci motsi ba. Na biyu abin dariya ne: sun shiga wani gidan rawa na 'yan gayu inda ake sa kiɗan Amurka, Dirty Harry ya faki idon mai sa faifai, ya shige ɗakinsa ya kulle ƙofa, ya cire na Amurka ya ɗora na gida, ya kama makirufo yana surutu a kai, har aka kira 'yan sanda. Na uku shi ne lokacin da ake tara runduna don zuwa sito. Ana bin makaɗan ɗaya bayan ɗaya suna tahowa a titi da waƙar Peter Tosh a ƙasa, kowa da irin takunsa, wani na rangaji, wani na jan ƙafa kamar titin na ubansa ne, huluna da wanduna da takalma kowa da nasa salon. Ba wanda ya ce uffan, amma ka san halin kowannensu kafin ya iso.

Wani abin da ya ƙara wa hotunan nauyi shi ne da yawa daga cikin mutanen ba su daɗe ba. Jacob Miller, mawaƙi mai ƙiba mai barkwanci, wanda a fim ya zaro wa Horsemouth wuƙa don ya taɓa masa abinci, ya rasu a haɗarin mota a Maris na 1980 yana da shekara 27. Hotunansa masu motsi da suka rage ba su da yawa, kuma na cikin Rockers na daga cikin mafi kyau.

Ƙarancin kuɗin bai ɓata shi ba?

Ana ganin alamarsa, babu musu. Wasu wuraren dare sun yi duhu fiye da kima. Faɗan da aka yi bai gamsar ba, naushi na wucewa ta gefen kunne mutum ya faɗi. Mugayen fim ɗin kuwa kamar an yanko su daga kwali: babban ciki, babbar mota, tsawa. Wasu daga cikin makaɗan in aka ba su dogon zance sai ka ji suna karanto shi daga ka.

Amma rashin kuɗin ne ya tilasta a ɗauki fim a ainihin tsakar gidajen haya masu katangar kwano, da ainihin kasuwa, da ainihin 'yan kallo da suka taru don sun ga kyamara. Da an sami kuɗin gina unguwar bogi, da an yi asarar abin da ya sa ake neman fim ɗin yau. Sauti kuma, wanda shi ne ran fim irin wannan, an kula da shi sosai.

An ce fim ne a kan masu aikata laifi. Ina harbe-harben?

Kusan babu, kuma wannan zaɓi ne da aka yi da gangan a lokacin da Kingston ke cin wuta. A shekarun 1970 magoya bayan jam'iyyar PNP ta Firaminista Michael Manley da na JLP ta Edward Seaga sun raba unguwannin talakawa, kowane ɓangare da 'yan bindigarsa. An kafa dokar ta-ɓaci a 1976. A Disambar shekarar aka shiga gidan Bob Marley aka harbe shi, Allah ya yi da sauran kwana. Zaɓen 1980 ya ci ɗaruruwan rayuka. Duk wanda ke cikin Rockers ya san wannan rayuwa daga ciki, amma fim ɗin bai ambaci jam'iyya ko ɗaya ba, kuma 'yan fashin nasa sun tafi aiki da dabara da motocin ɗaukar kaya. Gregory Isaacs, mawaƙin nan mai sanyin murya, shi ya fito a matsayin mai gyaran kwaɗo da ke buɗe musu ƙofofi.

Laifin da fim ɗin ya fi damuwa da shi ba ma satar babur ba ce. Tsarin sana'ar ne. A Kingston ta wancan lokaci ana biyan makaɗi sau ɗaya a kan kowace waƙa da ya kaɗa, shi ke nan. Ko faifan ya sayu har Landan, riba ta mai sutudiyo ce da mai rarrabawa. Shi ya sa mutumin da ake rububin gangarsa a sutudiyo yake bin abokai yana roƙon rance. Babur ɗin ƙoƙari ne na matsawa daga inda ake yin waƙa zuwa inda kuɗinta ke zagayawa. Wanda ya taɓa ganin ɗan acaɓa ya tashi da safe ya tarar an yi awon gaba da mashin ɗin da bai gama biyan kuɗinsa ba, ba sai an yi masa bayanin fuskar Horsemouth a daren nan ba.

Ba halatta sata yake yi ba?

Ta wani ɓangare, yana yi, kuma ba ya ɓoyewa. Hujjarsa ita ce kayan dama na sata ne, daga hannun talakawa aka ƙwace su, 'yan sanda kuma ba za su taɓa masu sito ba. Sai dai ko a cikin wannan hujja akwai rami: ba a mayar wa kowa abin da aka sace masa ba, wanda ya riga fitowa da safe shi ya kwashi rabonsa. Matar da aka sace wa rediyo tana iya tashi ta tarar maƙwabcinta ya ɗauke. Fim ɗin bai tsaya tunanin wannan ba, domin a lokacin ya riga ya koma tatsuniya, kuma a matsayin tatsuniya ya kamata a kalli ƙarshensa. Mafarkin talaka ne na dare ɗaya. Ba a nuna abin da ya faru washegari da masu siton suka farka ba, kuma duk wanda ya san Kingston ta 1978 ya san ba za ta yi daɗi ba.

Zan iya kallonsa da iyali?

Da yara ƙanana, a'a. Ana shan wiwi a fili daga farkon fim har ƙarshensa, ba a matsayin abin kunya ba, a matsayin ibada da al'ada. Mafi yawan mutanen ciki 'yan Rasta ne, addinin da ya tsiro a Jamaika bayan naɗin Haile Selassie a matsayin sarkin Habasha a 1930, kuma mabiyansa da yawa suna ɗaukarsa a matsayin abin bauta. Za ka ji ana ambatonsa da wannan daraja a waƙa da zance. Musulmi ko Kirista mai kallo zai ji abubuwan da ba su dace da aƙidarsa ba, gara ya sani tun kafin ya kunna. Fim ɗin ma ya nuna saɓanin a cikin gida, inda Horsemouth ya gamu da kakarsa a wurin baftisma a bakin rafi tana yi masa faɗa a kan hanyar da ya ɗauka.

Tsiraici ko batsa kuwa ba su ne matsalarsa ba. Akwai zage-zage irin na Jamaika, waɗanda yawancinsu za su wuce ta saman kan wanda bai san harshen ba. Babba mai hankalinsa da ke son ya ga yadda wasu mutane suka rayu a wani zamani ba zai sami abin da zai girgiza shi ba.

Yaya aka nuna mata a ciki?

Nan ne fim ɗin ya fi ba ni haushi. Madgie, matar Horsemouth, ita ce mai magana mafi ma'ana a duk fim ɗin. Tambayarta ɗaya ce: ina kuɗin cefane, me yaran nan za su ci? Shi kuwa sai ya amsa mata da wa'azi, Jah zai kawo, ya kaɗa babur ya tafi wurin abokai, wani lokaci ma wurin Sunshine, 'yar mai otal. Kuma an shirya wuraren ne yadda mai kallo zai ga kamar ita ce mai mita, shi ne mai hangen nesa. Mutumin da ke kukan masu sutudiyo na cin guminsa bai ga wadda ke wanke-wanke da reno a ɗakinsa ba tare da ko sisi ba. Ban ga alamar mai ba da umarni ya lura da wannan ba, amma kyamara ta ɗauka, kuma idon matar ya faɗi abin da rubutun bai ba ta damar faɗa ba. Mawaƙa mata kuwa, waɗanda Jamaika ke da su a lokacin irin su Marcia Griffiths da Judy Mowatt, ba a ba su wuri a labarin ba.

Ina jin Turanci. Zan fahimci abin da suke cewa?

Da ƙyar, in babu fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo. Harshen titin Jamaika suke yi, gauraye da salon maganar 'yan Rasta, kuma da sauri. Ko a Amurka da Ingila da rubutun fassara aka nuna shi. Wanda ya iya Turancin buroka na Najeriya ko na Ghana zai riƙa tsintar wasu abubuwa, domin harsunan suna da dangantaka ta tarihi: yawancin bayin da aka kai Jamaika daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwashe su, musamman ƙasashen Akan na Ghana da Ibo. Amma tsinta ce kawai. Bayan kamar minti ashirin kunne kan fara sabawa.

Tsakaninsa da The Harder They Come, wanne zan fara kallo?

In labari mai kama zuciya kake so, fara da na Jimmy Cliff. Perry Henzell ne ya yi shi a 1972, kuma ya fi Rockers ƙarfin gini nesa ba kusa ba: ɗan ƙauye ya shigo birni da burin zama mawaƙi, mai sutudiyo ya saye waƙarsa da dala 20, ya faɗa harkar wiwi, ya harbe 'yan sanda, ya zama gwarzon talakawa na 'yan kwanaki kafin a kashe shi. An ɗauko shi ne daga labarin wani ɗan fashi na gaske da ake kira Rhyging, wanda 'yan sanda suka harbe a 1948. Fim ne mai ɗaci, a kan mutum ɗaya da ya tsaya shi kaɗai.

Rockers ya ɗauki ƙorafi iri ɗaya ya amsa shi da taron abokai da dariya. A matsayin fim, na farkon ya fi. Amma ni na biyun na fi komawa, saboda ba a gajiya da zama cikin mutanensa.

Wa zai ji ya yi asarar lokacinsa?

Wanda ya zo neman bincike irin na ɗan sanda mai bin sawu, ko tseren motoci, ko sirrin da za a tona a minti na ƙarshe. Haka ma wanda rege ba ya motsa shi ko kaɗan, domin kusan rabin fim ɗin kiɗa ne, kuma sau da yawa labari kan tsaya cak a jira waƙa ta ƙare. Wanda ke harkar waƙa ko fim da ɗan ƙaramin jari kuwa zai ƙaru, ko don ya ga abin da za a iya yi da unguwa ɗaya da mutanen da suka san aikinsu.

In za ka nema, kula da kwafin da za ka samu. Akwai tsofaffin kwafe-kwafe da aka ɗauko daga kaset suna yawo a intanet, hoto ya dushe, an yanke gefe, wasu kuma babu fassara ko kaɗan. An sake fitar da fim ɗin a DVD da Blu-ray da gyararren hoto, shi ya fi dacewa a nema. Kuma kada ka kalle shi da lasifikar waya. Kiɗan nan a kan bes aka gina shi, ƙaramar lasifika kuma ba ta fitar da bes, don haka sai a nemi abin sawa a kunne mai kyau ko a haɗa da babbar sifika.